Ihu Bayan Hari: Darasin Tozai Ga Masu Ƙera Manhajojin Waya

Gabatarwa

Tun kafin zuwan rediyo da wayar hannu, ƙasar Gobir tana da hanyoyinta na sanar da jama'a abin da ya wajaba su sani. A zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, watau kafin faɗuwarta a shekarar 1808, akwai tambari a fada, akwai kuge, akwai kuma masu shela da ke zagaya gari. Ba a kaɗa tambari don kowa, ba a kuma buga kuge don ɓatan akuya. Saboda haka duk ranar da aka ji amonsu, mai noma yakan ajiye fartanya, mai saƙa ya dakata, kowa ya kasa kunne. Ƙarancin jin su shi ne ya ba su daraja.

A yau kuge ya koma cikin aljihu. Wayar hannu takan yi ƙara ko ta girgiza, sai rubutu ya bayyana a fuskarta, alhali mai ita bai buɗe kowace manhaja ba. Wannan shi ake kira sanarwar turowa. Akwai kuma wasu ayyuka da manhaja ke yi a ɓoye sa'ad da waya take ajiye, kamar aika rahoto ko ɗauko sababbin bayanai, su ne ayyukan bayan fage. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, yawancin masu ƙera manhajoji suna tsara waɗannan abubuwa biyu ne bisa rayuwar manyan birane, inda wuta da sabis ba su cika yankewa ba, kuma wannan kuskure ne da zai iya jawo asarar rai a wuri irin Tozai, a gabashin Jihar Sakkwato. Wanda zai ƙera manhaja don mutanen Isa da Sabon Birni, wajibi ne ya fara auna ta da ma'aunin Tozai kafin ya auna ta da na Legas ko Abuja.

Yadda Saƙo Ke Isowa

A ɗauka mutum yana jiran wasiƙa daga Sakkwato. Hanya ta farko ita ce ya riƙa tura yaro tashar mota kowace sa'a ya tambayo ko ta iso. Yaron zai gaji, kuma yawancin zuwansa na banza ne. Hanya ta biyu ita ce a yi yarjejeniya da mutum ɗaya a tashar, wanda zai karɓi wasiƙun dukan mutanen gidan, ya ƙwanƙwasa ƙofa da zarar wata ta zo. Manhajoji da yawa sun taɓa bin hanyar farko, suna ta leƙa intanet a kai a kai, batir yana ƙarewa. Sanarwar turowa ita ce hanya ta biyu.

Kamfanin Apple ya fara wannan hidima a wayoyinsa a shekarar 2009. Kamfanin Google ya biyo baya a 2010, ya sabunta tsarin a 2012, sa'an nan a 2016 ya fito da wanda ake kira Firebase Cloud Messaging, wanda yawancin wayoyin Android ke amfani da shi. Yadda abin yake shi ne, wayar tana riƙe da zare guda ɗaya tak tsakaninta da manyan kwamfutocin kamfanin, kuma lokaci lokaci takan aika ɗan gajeren saƙo don tabbatar da cewa zaren bai tsinke ba. Kowace manhaja da aka sa a waya tana samun lambar shaida ta kanta. Idan mai manhajar yana da saƙo, sai ya miƙa shi ga kamfanin tare da wannan lamba, kamfanin kuma ya biyo da shi ta zaren.

Abin lura a nan shi ne abin da ke faruwa idan zaren ya tsinke. Tsarin Google yakan ajiye saƙo har kwana 28, idan mai manhaja bai ƙayyade masa wa'adi ba. Idan saƙonnin da ke jiran waya ɗaya suka haura 100, akan zubar da su. Tsarin Apple kuwa yakan riƙe na ƙarshe ne kawai daga kowace manhaja. Babu ɗaya daga cikin kamfanonin biyu da ya yi alkawarin cewa kowane saƙo zai isa, balle ya isa a kan lokaci.

Ayyukan Bayan Fage da Barcin Gaiwa

Ɗalibin ilimin halittu ba zai sha wahalar fahimtar ayyukan bayan fage ba, domin jikinsa cike yake da su. Zuciyar ɗan Adam tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, hanji yana narka abinci, ƙoda tana tace jini, duk ba tare da an sanar da mai jikin ba. Sai abu ya ɓaci, kamar ƙaya ta soki ƙafa, sa'an nan jijiya take kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, kuma wasu jijiyoyin suna kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a cikin daƙiƙa ɗaya. Jiki ya raba ayyukansa gida biyu ke nan, waɗanda ake yi shiru da waɗanda suka cancanci a ta da hankali.

Kowane aiki kuwa yana cin ƙarfi, kuma a nan ne gaiwa take da darasi. Idan rani ya yi, ruwan fadama ya ƙafe, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar ƙofa da take shaƙar iska. Sai ta rage bugun zuciya da duk wani aikin jiki, ta rayu da abin da ke jikinta na tsawon watanni, har ruwan sama ya sauka ya farkar da ita.

Wayoyin Android sun koyi irin wannan barci tun daga shekarar 2015, da tsarin da ake kira Doze. Idan waya tana ajiye wuri ɗaya, fuskarta a kashe, ba a kuma jona ta da caji ba, sai ta hana manhajoji shiga intanet, ta jinkirta ayyukansu. Takan ɗan farka na gajeren lokaci ta bar su su yi abin da ya taru, ta sake komawa barci, kuma tazarar farkawar tana ƙara tsawo. A shekarar 2017 an ƙara tsananta dokar ayyukan bayan fage, a 2018 kuma aka gabatar da WorkManager, watau wani tsari da manhaja ke damƙa wa aikinta tare da sharaɗi, alal misali, a yi shi idan an sami intanet ko idan waya tana caji. Ko da wannan tsari, ba a yarda aiki mai maimaituwa ya zo ƙasa da kowane minti 15 ba. Bugu da ƙari, kamfanonin da ke ƙera wayoyi sukan ƙara nasu dabarun tsimin batir, waɗanda kan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye gaba ɗaya.

Masu ƙera manhaja da yawa suna ɗaukar wannan barci a matsayin abokin gaba, suna neman dabarun hana waya runtsawa. A ƙauyen da babu wutar lantarki, inda mutum ke biyan kuɗi a shagon caji mai janareta ko mai hasken rana, wannan ɗabi'a zalunci ce. Manhajar da ta shanye batir da rana don ɗauko talla, ita ce ta hana mai wayar kiran ɗan'uwansa da dare sa'ad da matarsa ke naƙuda.

Abin da Ya Faru a Shekarar 2021

A ranar 3 ga Satumba, 2021, aka rufe turakun sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, domin yaƙi da 'yan bindiga. A cikin watan ne kuma gwamnatin Jihar Sakkwato, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta bayyana rufe layuka a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. An ɗauki irin wannan mataki a wasu sassan Katsina da Kaduna. Hujjar hukuma ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Rufewar ta ɗauki makonni masu yawa, har wasu mazauna bakin iyaka suka koma neman sabis na Jamhuriyar Nijar.

Ba manufar wannan maƙala ba ce ta yanke hukunci a kan wancan mataki. Abin da ya shafi ɗalibin kimiyya shi ne ya tambayi kansa halin da manhajoji suka shiga a lokacin. Duk wadda aka gina ta a kan zaton cewa intanet yana nan kullum, ta zama gawa a cikin waya. Duk saƙon da ya wuce kwana 28 yana jira, ya salwanta. Waɗanda ba su kai wa'adin ba kuwa, da zarar mutum ya isa inda ake da sabis, sai su zubo gaba ɗaya, sabo da tsoho a cakuɗe.

Wannan na ƙarshe ya fi haɗari. A ɗauka an aika gargaɗi ranar Litinin cewa kada a bi wata hanya, ko kuma albishir cewa hanyar ta buɗe, sai saƙon ya iso ranar Jumma'a ba tare da kwanan wata a jikinsa ba. Mai karanta shi zai ɗauka na yau ne. Bahaushe yana kiran irin wannan ihu bayan hari, amma a nan abin ya wuce rashin amfani, domin tsohon labari yana iya jefa matafiyi cikin abin da yake gudu. Maganin kuwa yana hannun mai ƙera manhaja. Tsarin turowa ya ba shi damar sa wa kowane saƙo wa'adi, ta yadda zai mutu da kansa idan bai isa cikin sa'a ɗaya ko biyu ba. Ya kuma ba shi damar sa sabon saƙo ya maye gurbin tsoho. Layi ɗaya ne ko biyu na rubutu, amma sau da yawa ba a damu da su ba, saboda a birni saƙo yakan isa cikin daƙiƙa, kuskuren ba ya bayyana.

Kunne da Sabo

Ko sabis bai yanke ba, akwai wata matsala da ta samo asali daga halittar ɗan Adam. Masanin nan Eric Kandel, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000, ya yi nazari a kan wata dodon-koɗin teku da ake kira Aplysia, mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Idan aka taɓa ta, takan janye gaɓar numfashinta da sauri. Idan aka ci gaba da taɓawa ba tare da wata cuta ta biyo baya ba, sai janyewar ta riƙa raguwa har ta kusa dainawa. An gano cewa sinadarin da ƙwayar jijiya ke fesa wa 'yar'uwarta ne yake raguwa. Wannan shi ne sabo, kuma haka yake ga mutum. Shi ya sa mazaunin kusa da injin niƙa ba ya jin ƙararsa.

Wayar da ke ƙara sau hamsin a rana don tallar rance da cacar ƙwallo da gaisuwar Jumma'a tana koya wa mai ita ya daina kulawa. Ranar da saƙo na hamsin da ɗaya ya zo da labarin ambaliyar Gulbin Rima ko ɓarkewar amai da gudawa, kunne ya riga ya toshe. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to amma sai kunnen bai gaji da ji ba.

Dabbobi ma sun san wannan. A shekarar 1980 wasu masana uku, Seyfarth da Cheney da Marler, suka wallafa bincikensu a kan wani irin biri a dajin Amboseli na ƙasar Kenya. Birin yana da kuka dabam don damisa, dabam don gaggafa, dabam don maciji. Jin kukan damisa sai a haye bishiya, jin na gaggafa sai a dubi sama a shige ƙungurmi, jin na maciji sai a miƙe a dubi ƙasa. Daga baya an nuna cewa idan aka yi ta maimaita kukan wani biri ba tare da haɗari ya bayyana ba, sauran sukan daina kula shi. Tun daga 2017 wayoyin Android sun ba da damar raba sanarwa gida gida, kowane gida da sautinsa da matsayinsa, kuma tun daga 2022 sai mai waya ya ba da izini kafin sabuwar manhaja ta fara turo masa sanarwa. Mai ƙera manhajar da ya haɗa talla da gargaɗi a sauti ɗaya, biri ya fi shi tsari.

Misali Abin Koyi

Akwai shaidar cewa ana iya yin abin da ya dace. A shekarar 2016 aka gwada wata manhaja mai suna AVADAR a Nijeriya, a Kuje ta yankin Abuja da Oyun ta Jihar Kwara, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, domin farautar cutar shan inna. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa wasu jihohin Arewa da ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Kamaru. An raba wayoyi ga mutanen da jama'a ke zuwa wurinsu, kamar masu maganin gargajiya da ungozomomi. Sau ɗaya a mako wayar takan nuna ɗan gajeren hoton bidiyo na yaron da gaɓoɓinsa suka saki, da harshen mutanen wurin, sa'an nan ta tambaya ko an ga irinsa. Amsar tana tafiya ne ta gajeren saƙon tes, ta kai ga jami'in sa ido a kan cututtuka.

A dubi hikimar da ke ciki. Bidiyon yana cikin wayar tun farko, agogon wayar ne ke ta da shi, saboda haka ba ya jiran intanet. Sau ɗaya yake zuwa a mako, don haka ba ya gundura. Wanda bai iya karatu ba yana gane shi. Amsa kuma tana bin hanyar da ko raunanan sabis yana iya ɗauka. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma tana cikin dabarun sa ido da aka yi amfani da su kafin ranar 25 ga Agusta, 2020, sa'ad da aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Hujjar Masu Saɓanin Ra'ayi

Wani zai ce kamfani don riba yake aiki, kuma yawan sanarwa shi ke jawo mutane su buɗe manhaja. Gaskiya ne a gajeren zango. Amma wanda aka dama da yawa yakan toshe sanarwar baki ɗaya ko ya goge manhajar, musamman a ƙaramar waya da ba ta da wurin ajiya. Tsarin Google ma yakan rage matsayin saƙonnin manhajar da ke yawan ta da waya da sunan gaggawa ba tare da ta nuna wa mai ita kome ba.

Wani kuma zai ce mutanen Tozai ba su da yawa a kasuwar manhajoji, bai kamata a wahala dominsu ba. Amsa ita ce, manhajar da ta yi aiki a Tozai za ta yi aiki a ko'ina, domin Kano da Legas ma sabis yakan yi rauni, wuta takan ɗauke. Ban da haka, manhajojin lafiya da na noma da na kuɗi ana ƙera su ne da sunan mutanen karkara, sau da yawa da kuɗin da aka karɓo dominsu.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: gargaɗin da ke saurin yaɗuwa yana iya yaɗa ƙarya da firgici. A ranar 13 ga Janairu, 2018, an aika wa wayoyin mutanen Hawai ta ƙasar Amurka gargaɗin cewa makami mai linzami yana tafe, kuma sai bayan minti 38 aka aika gyara cewa kuskure ne. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da tsari, to a yankin da jama'a ke kwana cikin fargaba jita-jita ɗaya tana iya watsa gari. Wannan hujja ba ta rushe amfanin gargaɗi ba, sai dai tana nuna cewa kuge yana bukatar mai riƙo amintacce, da hanyar tantance labari, da kuma hanyar janye shi nan take.

Kammalawa

Abin da ake nema ga mai ƙera manhaja don wannan yanki ba shi da yawa. Ya ɗauka cewa babu intanet, ya sa manhajar ta ajiye aikinta a cikin waya, ta aika idan sabis ya samu, ba tare da ta aika abu ɗaya sau biyu ba. Ya sa wa kowane saƙo wa'adi, ya rubuta rana da lokaci a jikinsa. Ya keɓe sautin gaggawa ga abin da ya shafi rai da lafiya. Ya tanadi hanya ta biyu, watau saƙon tes ko kiran murya da Hausa, domin masu ƙananan wayoyi da waɗanda ba su karatun boko. Ya kuma tuna cewa a inda ake tare hanya, waya tana iya faɗawa hannun da bai dace ba, don haka kada rubutun da ke fitowa a fuskar waya a kulle ya tona asirin mai ita. Daga ƙarshe ya gwada aikinsa a kan waya mai araha, mai tsohon batir, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Hukumomi su ma suna da nasu rabon. Akwai fasahar da turken sadarwa ke watsa gargaɗi ga dukan wayoyin da ke kewayensa a lokaci ɗaya, ba tare da intanet ko lambar kowa ba. Japan ta fara amfani da ita don girgizar ƙasa a 2007, Amurka ta fara nata tsarin a 2012. Ta dace da garuruwan bakin gulbi, sai dai ita ma ba ta aiki idan turken a kashe yake. Saboda haka rediyo da lasifikar masallaci da mai shela suna nan da muhimmancinsu.

Ga malamai kuwa, akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a aji. A sa ɗalibai su ƙirga sanarwar da ta shigo wayar gidansu cikin yini ɗaya, su kasa ta kashi uku: wadda ta wajaba a gani nan take, wadda za ta iya jira, da wadda ba a bukata. Sa'an nan a kashe datar wayar na kwana biyu, a kunna, a rubuta abin da ya iso da abin da ya ɓace da abin da ya zo bayan amfaninsa ya wuce. Ɗalibin Isa ko Sabon Birni da ya yi wannan gwaji ya riga ya san abin da injiniyoyi da yawa a manyan birane ba su taɓa gani da idonsu ba. Idan Allah ya sa wata rana ya zama mai ƙera manhaja, ana fata zai tuna da shi.